Bindiga Mai Baki Biyu

Mahaifina ya yi shekara ashirin da wani abu yana saɓe da bindigar gwamnati, amma bai taɓa mallakar tasa ba. Ranar da ya ajiye aikin soja ya dawo Zuru da akwatin ƙarfe ɗaya da igiya uku ta saja, sai ya tsaya gaban mahaifiyata ya rantse ba za a ƙara rubuta sunansa a kan bindiga ba har ya koma ga Ubangiji. Ya kuwa cika alkawari. Ya koma gonarsa ta wajen Dabai, ya riƙe garma kamar bai taɓa barinta ba. Yaƙin da ya je ba ya zancensa, mu ma ba ma tambaya.

Shi ya sa na yi mamaki wata Lahadi, a shekarar da wayar hannu ta fara shigowa garinmu. Mun taso daga coci muna zaune a inuwar rumbu, sai ya dube ni ya ce, "Ticha, mi ya hana ka sayi bindiga?"

Ticha yake kirana tun da na fara koyar da lissafi a sakandare, rabi girmamawa rabi zolaya. Na ce, "Bindiga kuma, Baba? Ta me?"

"Ta tsuntsu. Zabin daji sun cika bakin gonata. In an yanke dawa sai mu tahi da sahe, ni da kai." Ya murza gwiwarsa, sannan ya ƙara da cewa, "Duk bindigad da na taɓa ɗauka, mutum na gabanta. Ina so in ga wadda ba kowa gabanta sai tsuntsu."

Mama tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "To rantsuwar hwa?"

"Sunana na ce. Kin ji na ce sunan ɗana?"

Ta ce tsohon soja ba ya rasa ƙofar baya, muka yi dariya. Amma ni maganar ta shige ni. Shekarata talatin da shida a lokacin, kuma ban taɓa jin Baba ya nemi wani abu a wurina ba, ko da goro ne. Muna gida ɗaya, muna cin tuwo ɗaya, amma tsakanina da shi gaisuwa ce da zancen ruwan sama. Ya yi yarantata yana bariki, ni na yi girmana ina makaranta. Wannan ne karo na farko da ya ce "ni da kai".

Sai dai ina da hali, gara in faɗe shi da bakina. Ko takalmi zan saya sai na zaga kasuwa sau uku, in dawo gida ban saya ba. Kuma ina son a gan ni da abu mai kyau. A makarantarmu akwai mataimakin shugaba, wani mai tumbi da yawan magana, yana da bindiga mai baki biyu. Duk Litinin sai ya cika ɗakin malamai da labarin yadda ya sauko da zabi biyu a tashi ɗaya, ɗaya da bakin dama ɗaya da na hagu. Kafin in ko taɓa bindiga da hannuna, na riga na faɗa a gaban malamai cewa ni ma mai baki biyu zan saya.

Asabar ta gaba na goya Baba a babur muka je wurin wani dattijo mai gyaran bindiga a bayan kasuwa. Bakabe ne, mutumin wajen Birnin Kebbi, ya daɗe a Zuru, yana yi wa maharba da masu gadi gyara. Wanda kuma yake da bindiga mai takarda yana son rabuwa da ita, a wurinsa yake barinta har a sami mai so. Da ya ga Baba sai ya miƙe tsaye.

"Saja, kai na da kanka? Yau mi ya hiddo ka?"

"Ɗiyana na kawo. Shi ka son bindiga."

Dattijon ya shiga ciki ya fito da guda biyu a naɗe cikin buhu. Ɗaya mai baki ɗaya ce, tsohuwa, katakonta ya koɗe saboda hannu, an ɗaure wani wuri da zaren tagulla. Ɗayar mai baki biyu ce, baƙa, tana sheƙi, har da zanen ganye a jikin ƙarfen. Idona bai ko tsaya kan ta farkon ba.

A ranar na ga wani mutum a jikin mahaifina wanda ban sani ba. Ya karɓi mai baki biyun, bai yarda bakinta ya kalli kowa ba ko da ƙiftawar ido, ya buɗe ta daga tsakiya, ya tabbatar babu harsashi, sannan ya ɗaga ta saitin hasken ƙofa ya leƙa ciki. Ya daɗe yana leƙe. Ya rufe, ya riƙe ta a gindi ya girgiza ta kusa da kunnensa. Ni ma na ji ɗan ƙas-ƙas ɗin da ta yi. Ya miƙa wa dattijon.

"Gaɓarta ta saki. Cikinta kuma tsatsa ta ci. Wagga amarya ta da kwalliya, ba lahiya."

Dattijon ya yi dariya ya ce ai shi ya san ba za ta wuce idon Saja ba. Baba ya ɗauki tsohuwar, ya yi mata duk abin da ya yi wa waccan. Ya girgiza, shiru. Ya ce in miƙo hannuna na dama. Ya kafa gindinta a lanƙwasar gwiwar hannuna, ya duba ko yatsana ya kai kan kunamar bindigar. Ya kai daidai. Sai ya nuna mini wani ƙusa a bango.

"Dubi ƙusan can. To, ruhe idanunka. Ɗaga ta bisa kahwaɗa. Buɗe."

Na buɗe ido, sai ga ƙusan zaune a kan bakin bindigar kamar an ɗora shi. Ya sa na maimaita sau uku, duk haka. Ya ce, "Taka ta. Ɗauki mu tahi."

Na ce, "Baba, baki ɗaya ne da ita fa."

"Zabo nawa kaka son ci a rana?"

"In na kuskure na farko fa?"

"Sai ka koyi kada ka kuskure. Mai harsashi guda shi ka koyon haƙuri."

Na tsaya ina juya ta a hannuna, ina kallon zaren tagullar nan, ina jin muryar mataimakin shugaba a kunnena. Dattijon ya ga fuskata, kuma ɗan kasuwa ne. Ya ce akwai wani tsohon hafsa a Mahuta da yake da mai baki biyu lafiyayya, ya taɓa cewa zai rabu da ita, wataƙila bayan Sallah. Na yi caraf na ce ita zan jira.

Muka kama hanyar komawa har muka kusa gida. Daga bayana Baba ya ce, "An kusa yanke dawa."

Na ce, "Baba, sauri yakan haifi nawa. Abin da mutum zai riƙe har tsufansa ai ba a yi masa gaggawa. Zabin nan ba ƙarewa za su yi ba."

Ya ce, "I, zabi ba su ƙarewa."

Ni kuma a wautata na ɗauka ya yarda da ni.

Aka yanke dawa. Sallah ta zo ta wuce, tsohon hafsan ya ce sai ya yi shawara da 'ya'yansa. Na je Mahuta sau biyu a motar haya, sau ɗaya ban same shi ba, sau ɗaya ya ba ni ruwa da labarin zamaninsa, ya ce in dawo. Duk wannan lokacin tsohuwar nan tana naɗe cikin buhu a bayan kasuwa. Baba yakan dawo daga gona ya ce yau ya ƙirga goma sha huɗu a ƙarƙashin ɗorawa, ko ya ce sun sauya wurin shan ruwa. Ba ya cewa komai game da bindiga, rahoto kawai yake ba ni. Ni kuma in ce, "An kusa, Baba."

Da ruwan farko ya sauka sai ya daina kawo rahoton. Na tambaye shi, ya ce yanzu sun shiga ƙwai, kuma ba a harbin uwa a kan ƙwai, sai wata kakar. A ranar na ji wani abu ya ɗan soke ni, amma na ce a raina shekara kwana ce. Da na koma bayan kasuwa don wata buƙata, dattijon ya ce wani mai gadin gona ya ɗauke tsohuwar.

Tsakiyar damina hafsan ya aiko da tasa wurin dattijon. Muka je, Baba ya duba ta, ya leƙa, ya girgiza, bai sami wani aibi ba. Lafiyayya ce ƙwarai, sai dai ta ɗan yi mini nauyi, kuma in na rufe ido na ɗaga, ƙusan yana ɗan gefe. Ya ce zan saba. Na ga ya shafa katakonta da tafin hannu kafin ya mayar, kamar yadda yake shafa wuyan bijiminsa. Sai aka shiga zancen lasisi. Babu wanda ya zalunce ni, takarda ce mai tafiyarta, daga Zuru zuwa Birnin Kebbi ta dawo. Kafin ta fito doka ba ta yarda in kai bindigar gida ba, Baba ma ba zai yarda ba.

Ina aji ina rubuta lissafi a allo aka zo aka kira ni. An tsinci Baba a kwance tsakanin kunyoyi, garma a gefensa. Ya yi sati uku a asibiti. Da muka dawo da shi ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannu da ƙafa, bakinsa ya karkace. Hankalinsa yana nan garau, wannan ne ma abin tausayin. Yana jin komai, ya san abin da yake son faɗa, amma kalma sai ta maƙale masa. Za ka ga ta taso, jijiyar wuyansa ta miƙe, leɓensa yana rawa, sai can ta faɗo guntu-guntu. In yana son ruwa, kafin ya gama cewa ruwa Mama ta kawo ta tsaya tana jira. Ta koya mana kada mu ƙarasa masa magana, domin in aka yi masa haka sai ya juya fuska bango ya ƙi ci.

Lasisin ya fito ana saura 'yan kwanaki a fara yankan dawa. Na karɓo bindigar na shigo da ita ta bayan gida, na cusa ƙarƙashin gado. Ban kai labari ɗakin malamai ba. Kunya nake ji, da haushin kaina, har ba na son wucewa ta gaban ɗakinsa. Amma Mama ta gaya masa. Wata safiya na shiga gaishe shi, sai ya kama rigata da hannun hagu. Na durƙusa na jira. Ya daɗe yana fama, sannan ya ce, "Ka...wo."

Na kawo na ɗora masa a cinya. Da hannu ɗaya ya lalubi abin buɗewa, ya kasa, na buɗe masa. Ya sa na ɗaga ta saitin taga ya leƙa. Sai ya nuna ƙirjinsa, ya nuna ni, ya nuna hanyar Dabai.

Mama ta ce sam. Ta ce mutumin da ba ya iya zuwa bayan gida da ƙafarsa za a kai daji, ko so nake in ƙarasa shi? Muka yi kwana biyu muna ja. A rana ta uku na tarar da ita tana ninke bargonsa da hular sanyi tana sawa a jaka. Ba ta dube ni ba ta ce, "Shekara bakwai ya yi yana noma gonar ubana kahin a ba shi ni. Ban taɓa ganin ya hwasa abin da ya sa gaba ba. Ka maido min shi kahin rana ta yi zahi."

Na aro a-kori-kura wurin wani maƙwabci. Gari na wayewa na ciccibi Baba na sa a gaba, na jefa kujerar roba a baya. Ban taɓa ɗaukarsa ba sai cikin wannan ciwo, kuma kullum rashin nauyinsa yana ba ni tsoro. Muka bar titi muka bi hanyar shanu har bakin gona. An yanke dawa an jingina karan, ƙasa duk tsaba. Na goya shi zuwa gindin ɗorawar nan da yake ba ni labari, na zaunar da shi, na lulluɓe masa ƙafa.

Kafin in sa harsashi ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya nuna inda zan tsaya, gabansa kaɗan ta hagu. Ya nuna yatsana, ya nuna gefen ƙarfe, wato kada ya hau kunama. Sannan ya nuna bakinsa, ya buga ƙirjinsa, ya yi ta ƙoƙari har ya fitar da kalma biyu: "Sai... na ce." Na gane. A aikin da ya yi, sabon hannu ba ya harbi sai saja ya ba da umarni, kuma shi bai san wata hanyar koyar da bindiga ba. Hannunsa ba zai ɗaga ta ba har abada, umarnin nan shi ne rabonsa a cikin wannan fita. Na ce, "To, Baba. Sai ka ce."

Na sa harsashi biyu na rufe. Muka jira. Rana ta fara leƙowa ta bayan dutse, ƙafafuna suka yi sanyi, bindigar tana ƙara nauyi. Can sai muka ji kukansu daga cikin ciyawar bakin rafi. Suka fito ɗaya bayan ɗaya suna tsattsagar ƙasa, sun fi goma, suna matsowa suna ɗaga kai. Na ji numfashin Baba ya sauya a bayana. Na san ba zai bari in harbe su a ƙasa ba, sai sun tashi.

Ban san abin da ya firgita su ba, wataƙila motsina ne. Gaba ɗaya suka tashi da wata irin ƙara ta fukafukai, suka gilma ta gabana, kusa ƙwarai, har ina ganin zanen jikinsu. Na ɗaga bindiga, na bi wani babba da bakinta. Yana kan saiti. Ko ni da ban taɓa harbi ba na san da na ja da ya faɗo.

A bayana ina jin Baba yana kokawa da kalmar. Ina jin kujerar tana motsi, ina jin iska tana fita daga maƙogwaronsa, "Hh... hh..." Yatsana ya bar gefen ƙarfe ya hau kunama da kansa. Zuciyata tana cewa ja, ai ka san abin da yake nufi, ka kai masa zabo gida. Sai na tuna yadda yake juya fuska bango in an ƙarasa masa magana. Na ci gaba da bin tsuntsun, yana ƙanƙancewa, ya haye rafi, ya bi sauran suka faɗa bayan itatuwa. Sama ta zama fayau.

Sannan ta fito, da ƙarfi, a sarari, irin muryar da ban ƙara ji ba tun kafin ya kwanta.

"Harba!"

Na harba. Gindin bindigar ya daki kafaɗata, ƙarar ta je ta bugi dutse ta dawo, warin albarushi ya cika wurin. Babu abin da ya faɗo, ko gashi ɗaya. Na tsaya a haka da bindiga a kafaɗa, ina jin tsoron juyawa.

Da na juya, yana kallon inda suka ɓace. Ya san ya makara, ya kuma san na jira shi. Hawaye yana bin ɓangaren fuskarsa da ya mutu, bai ji shi ba balle ya share. Na durƙusa a gabansa. Ina so in ce ya yafe mini, in ce bara a wannan lokacin da ƙafarsa zai zo nan, da hannunsa zai riƙe, ni na hana. Ni mai lafiyayyen harshe, na kasa cewa komai.

Ya miƙo hannun hagu ya taɓa bindigar, ya ɗaga yatsa ɗaya. Yana tuna mini akwai sauran harsashi a ciki, kuma ba a durƙusa gaban mutum da bindiga a ɗure. Na juya bakinta gefe na buɗe. Kwanson farko ya fito da zafinsa. Na biyun yana nan yadda na sa shi, a cikin bakin da na sa mahaifina ya yi shekara guda yana jira dominsa. Na zare shi na nuna masa, ya duba, ya gyaɗa kai.

Muka ƙara zama har rana ta hau, ko za su dawo. Ba su dawo ba. Na goya shi zuwa mota, kansa a kan kafaɗar da bindigar ta daka, na koma na ɗauko kujerar. Bai kai wata kakar ba, mun binne shi ana tsakiyar shuka.